Rasuwar Oba-Oba, Wanda Gaisuwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ta kai har ta batse, ni Gwadabe, mai tsaron ɗakin rediyo na Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Bakin Gulbi, nake sanar da jama'ar Haɗejiya da ƙauyukanta, manoma da masunta, 'yan kasuwa da ma'aikata, rasuwar abokin zamana kuma maigidana, rediyon aika saƙo na ƙungiyarmu, wanda yaro da babba suka fi sani da Malam Oba-Oba. Ya cika jiya Laraba da hantsi, a kan teburinsa, yana tsaka da karɓar gaisuwa daga Miga. Ya tafi da magana a bakinsa bai ƙarasa ta ba. Wannan guntuwar maganar ce ta sa nake roƙon kowa ya saurari sanarwar nan har ƙarshenta, musamman wanda yake da shinkafa a fadama.

Ga wanda bai samu ganin marigayin da ransa ba, akwati ne na ƙarfe, kore, mai nauyin buhun gero, da wata igiya mai lanƙwasa wadda abin magana ke rataye a bakinta. In za ka yi magana ka danna, in ka gama ka ce "oba" ka saki, sannan na can ya samu bakin amsawa. Nan sunan ya samo asali. Aikinsa ɗaya ne tak a duniya, sauran duk gyara ne: ya gaya mana halin da gulbi yake ciki a Miga. Kowa ya sani ruwan da ya wuce Miga kanmu ya nufa, kuma tsakanin a ce "ga shi nan" da isowarsa akwai 'yar tazarar da za ta ishi mutane su fito su ɗaga jingar da ta raba gulbi da gonakinmu. In an ji da wuri mu ci shinkafa, in ba a ji ba kifi ya ci.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa, a wani gari da aka rubuta sunansa a bayansa amma tsatsa ta cinye. Ya zo mana shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. A tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ya sauka, shi da ƙannensa uku, aka ɗauko su a motar gyaɗa an lulluɓe su da barguna kamar masu jego. Shi babbansu aka ajiye shi a nan, aka kai ɗaya Miga, ɗaya Kafin Hausa, auta kuma Kaugama. Ranar da ya fara buɗe baki, dattawa biyu sun fita daga ofis ba tare da takalmansu ba, ba zan kama suna ba don 'ya'yansu suna raye. Iya Gumsu, mai suyar kifi a ƙofar ofishinmu, ita ba ta gudu ba. Durƙusawa ta yi ta gaishe shi da Barbarci, ta ce masa "wushe", kuma tun daga ranar ba ta taɓa wuce tagarsa ba ta gaishe shi ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai gudun duniya. Bai ci goro ba, bai sha taba ba, bai taɓa neman hutun zuwa suna ko biki ba. Bara da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane masinja ya sayi babur yana banke mana awaki, shi ko ƙyallen rufa bai nema ba. Kullum da safe zai fara da gyaran murya, "ƙurrr, shhhh, ƙiiii," irin na tsohon da goro ya sarƙe. In hadari zai haɗu, tun sama tana tas za ka ji shi yana "ƙaras, ƙaras," sai mata su kwashe shanya. Sau nawa ya ce tsuntsaye jan-baki sun taso daga yamma, aka fita da gwangwanaye da majajjawa aka tare su kafin su sauka a kan shinkafa? Wanda ya ci tuwo a shekarun nan ya san amsar.

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi a jikin mai rai, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: marigayin ba shi da ciki. Abin da ka faɗa masa a Haɗejiya, a take an ji shi a Kafin Hausa da Kaugama da Miga. Wani magatakarda ya taɓa raɗa masa daga Kafin Hausa cewa shugaban ƙungiya yana minshari a taro, alhali shugaban yana tsaye a kaina yana sakace haƙori. An sauya wa magatakardan wurin aiki, marigayin kuwa ko a jikinsa.

Muryar da aka fi ji a bakin marigayin ita ce ta Baba Ya'u, mai tsaron na Miga. Tsohon masunci ne, ɗakin rediyonsa yana daf da bakin ruwa, ya leƙa taga ya ga gulbi. Shekara da shekaru muna magana kowace safiya, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na san tarinsa, na san dariyarsa, na san ranar da ƙafarsa ta tashi da ciwo, amma da zai wuce ni a kasuwa ba zan gane shi ba sai ya yi magana. Ga yadda marigayin yake kawo shi:

"Haɗejiya, Haɗejiya, Miga ce. Gwadabe, ina kwana? Oba."

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya? Oba."

"Ba gajiya. Yaya iyali? Oba."

"Lafiya ƙalau. Yaya ruwa, Baba? Oba."

"Ruwa ya yi gyara. Oba."

Ku lura da wannan amsa ta ƙarshe, don a kanta rigimar take. Baba Ya'u bai taɓa canza ta ba, kuma ba ɗan halak ɗin da zai canza ta. Shekarar fari, da gulbi ya ƙafe ana tsallaka shi da takalmi a ƙafa, ruwa ya yi gyara. Shekarar da ruwa ya tafi da garken awakinsa, ruwa ya yi gyara. Gaisuwa ce, ba labari ba ne. Labarin yana can baya, sai an gama gaisawa yake fitowa. Kuma na daɗe da gane halin tsohon nan: in labarin mai daɗi ne, gaisuwar gajeruwa ce, don yana ɗokin faɗa. In kuwa mai nauyi ne, sai ya yi ta kewaye-kewaye ya rasa ta inda zai sauke shi. Ranar da matarsa ta rasu, sai da ya tambayi lafiyar jakina kafin ya iya gaya mini.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne ranar da ƙungiya ta kafa Kwamitin Tsimi da Tanadi, ta ɗora Alhaji Sa'idu mai motar ɗaukar kaya a kansa. Kai jama'a! A zamanin da ƙasa take iyo cikin arzikin mai, ana ta gine-gine a birni har siminti ya rasa wurin zama, mu a lokacin Allah ya haɗa mu da mutumin da ke raba ashana gida biyu. Kwamitin ya zauna, ya sha shayi, ya fito da abin da ya kira dabara. Aka fara da auta na Kaugama: wai Kaugama ba ta da labarin da za ta ba mu, a rufe shi, a riƙa ciro kayan cikinsa ana yi wa yayyensa magani. Aka yanka shi da ransa. Sannan aka zo kan ruwan batir, wanda ake kawowa daga Kano a kwalba. Alhaji ya ce ga gulbi guda a bayan gari, ai ruwa ruwa ne. Aka ɗura wa batirin marigayin ruwan gulbi, har da ɗan tabo. Sannan aka ce injin caji yana shan mai, a jira sai motar Alhaji ta kwana a gari a jona a jikinta. Sannan aka ce magana sau ɗaya a rana ta isa. Marigayin ya shanye duk wannan, sai dai muryarsa ta riƙa dusashewa.

Da aka rasa abin yankewa, sai aka waiwayo kan gaisuwa. Alhaji Sa'idu ya shigo ɗakina da kansa, ya tsaya yana jin ni da Baba Ya'u, yana kaɗa makullin mota. Da muka gama ya ce, "Gwadabe, batir muke saya ko zumunci? Daga yau a faɗi saƙo a sauka. Mai son gaisuwa ya hau jaki ya je, ai zuwa da kai ya fi saƙo." Washegari na isar wa Baba Ya'u da dokar, ina jin kunya kamar ni na kafa ta. Marigayin ya yi "shhhh," can sai Baba Ya'u ya ce, "Ka gaya wa Alhajin naku ni ba a daji aka haife ni ba. Oba." Kafin in danna sai ya sake cewa, "Af, ban tambaye ka yara ba. Oba."

Likitan da ya yi jinyar marigayin shi ne Ishaku mai gyaran rediyo, mutumin Kagoro, wanda shagonsa ke bayan tasha. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, sau da yawa ya zo da ruwan batir na gaskiya a aljihun wandonsa ya ɗura a ɓoye. Tun farkon damina ya buɗe cikin marigayin, ya nuna mini wata 'yar kwalba mai ja kamar garwashi, ya ce, "Malam Gwadabe, wannan ita ce zuciyarsa, kuma ta tsufa. In ta daɗe a kunne za ta yi zafi ta ƙone. Ta Kaugama ce ma muka sa masa, babu wata. Ko dai ku sayi sabuwa, ko ku gajarta magana." Na kai wa kwamiti maganar likita yadda ya faɗe ta. Cikin ikon Allah kunnen kwamiti ya toshe a rabin farko, ya buɗe a rabi na biyu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne: a kan batun gaisuwa, bakin Alhaji da na likita ya zo ɗaya. Abin da na ce, kuma ina nan a kai, shi ne kwalba ake saya a kanti, tarbiyya ba a sayar da ita a ko'ina.

To, jiya Laraba. An kwana biyu ana tafka ruwa a yamma, hanyar Miga ta yanke, motar Alhaji ma tana can ta kafe a tabo. Na kunna marigayin, ya yi gyaran murya da ƙyar, sai ga Baba Ya'u. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya tambayi jakina, wanda ya san ya mutu tun bara, ya yi mini gaisuwarsa a karo na biyu. Na taɓa bayan marigayin na ji ya ɗau zafi. Ya tambayi Ishaku, ya tambayi Iya Gumsu da jikokinta. Wani zai ce me ya hana in katse shi. Da wane bakin? Mutumin da a shekaru ya haife ni yana gaishe ni in ce masa ya bari? Wanda zai iya ya zo in ba shi kujerar. Can sai na ji abin da ban taɓa ji a bakinsa ba:

"Yaya Alhaji Sa'idu? Yana lafiya dai ko? Ka gaishe mini da shi da kyau. Oba."

Tabɗijam! Baba Ya'u, da ko sunan Alhaji ba ya son ji, shi ne yake aika masa gaisuwa da kyau? Na yi maza na tsallake sauran na ce, "Yaya ruwa, Baba? Oba." Ɗakin ya riga ya fara ƙaurin gashi. Marigayin ya yi "ƙiiii," ya ja numfashi, ya ce:

"Ruwa ya yi gyara, Gwadabe. Sai dai…"

Sai "ɗas!" Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, jan idonsa ya rufe. Ko "oba" bai samu faɗa ba. Na girgiza shi, na hura masa iska da hulata, na kira sunansa, na kira na Baba Ya'u. Ishaku ya zo a guje da akwatin aikinsa, ya buɗe, ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Sai haƙuri, Malam Gwadabe." Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka.

Da hawayen na tafi gidan Alhaji Sa'idu, na ce a buga gangami a kira gayya a ɗaga jinga, ruwa yana tafe. Ya ce, "Me ka ji da kunnenka?" Na maimaita masa. Ya ce, "To ai ka ji, ya yi gyara." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce sai dai." Ya ce, "Sai dai me? Sai dai ƙafarsa na ciwo? Sai dai goro ya yi tsada? Gayya ba da baki ake yin ta ba, Gwadabe, tuwo ake tuƙawa, a dama kunu, a raba goro. Ba zan tara gari in ciyar da shi a kan sai dai ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya gaishe ka fa, har ya ce da kyau." Ya ce yana amsawa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da nake da tsohon nan bai taɓa ɗora wa "ruwa ya yi gyara" jela ba sai jiya. Waya ba ta kai Miga ba, hanya ta yanke, wanda kuwa zai hau gulbi da kwale-kwale ya jiyo ya dawo, ruwan zai riga shi isowa. Shinkafa ta fitar da kai, jinga ta zaizaye a wurare tun ruwan farko, kuma gonar da ke ƙarƙashinta daf, wadda za ta fara nutsewa, ta Iya Gumsu ce, wadda ta dasa da hannunta don marayun jikokinta.

Marigayin ya rasu ya bar ƙannensa biyu, na Miga da na Kafin Hausa, waɗanda yanzu suke kira ba mai amsa musu, don ba sa jin juna sai ta bakinsa. Autansu na Kaugama ya riga shi, kwamiti ne ya yi masa rakiya. Ya bar matarsa, Batir, tana kwance da ciwon ciki tun da aka ba ta ruwan gulbi. Ya bar doguwar sandarsa a kan rufin ofis, shamuwa ta riga ta fara zuwa duba wuri. Ya bar ni, maraya da furfura. Ya kuma bar Kwamitin Tsimi da Tanadi cikin ƙoshin lafiya, wanda a ƙarshe burinsa ya cika, domin daga jiya marigayin bai ƙara shan ko ɗigon wuta ba.

Game da jana'iza, na je wurin Liman. Ya ce ba a yi wa ƙarfe wanka, ba a yi masa salla, kada ma in kuskura in ce Allah ya jiƙansa a gaban jama'a. Na ce haƙa rami fa? Ya dube ni, ya dubi gefen fadama inda tasa gonar take, ya ce shi bai ga inda aka hana haƙa rami ba, kuma a ajiye masa wuri a sahun gaba.

Saboda haka za a yi jana'izar Malam Oba-Oba gobe Juma'a da an sallame sallar asuba, a bakin gulbi, a gindin jinga. Ba gayya ba ce, kwamiti ya hana gayya, kuma ni mai biyayya ne. Jana'iza ce, ita kuwa ba a gayyata, ba a kuma ƙin zuwa. Kamar yadda aka saba, kowa ya zo da abin haƙa kabari: mai diga da digarsa, mai shebur da shebur ɗinsa, mai fartanya da fartanyarsa, a haɗo da kwanduna da tsofaffin buhuna. Da yake marigayin mai dogon zance ne, kabarinsa ma zai yi tsawo. Za a fara haƙa daga tsamiyar mashaya a bi har ƙarshen gonar Iya Gumsu, ƙasar da aka tono kuwa a jibge ta duk a kan jinga, a daddanne da kyau, kada a bar ko kwando ɗaya a ɓangaren gona. Ishaku zai zo da mutanen majami'arsu, sun ce su ma marigayin maƙwabcinsu ne. Mata su kawo abincin makoki can bakin gulbi kamar yadda aka saba kai wa gidan mutuwa, kwamiti ba zai fitar da ko ƙwayar gero ba. A rubuta wannan cikin dabarun tsimi, kyauta na ba su.

Babban mai makoki shi ne Alhaji Sa'idu, tun da a hannunsa marigayin ya yi jinya. An tanadar masa tabarma a kan jinga, inda zai fi kowa ganin gulbi. Ana roƙon duk wanda ya zo ya tsaya a gabansa ya yi masa gaisuwa cikakkiya: kwana, gajiya, iyali, yara da sunayensu, haƙuri, ƙarin haƙuri, har lafiyar motarsa da ke cikin tabo. Kada kowa ya gajarta. A ƙarshe a tambaye shi yaya ruwa, a tsaya a ji amsar da zai bayar. Za a zauna makoki, a tsaye, da kwando a ka, har sai ruwan ya zo ya wuce. In kuwa bai zo ba, na yarda a yi mini dariya a kasuwa har in mutu, ga shinkafa a rumbu.

Saura roƙo ɗaya. Duk masuncin da kwale-kwalensa zai iya hawa Miga, don Allah ya biya ta ɗakin rediyon da ke bakin ruwa. Na san halin tsohon nan. Bai san marigayin ya cika ba, yana can ya danna yana ta faɗa wa iska abin da ya biyo bayan "sai dai," kuma ba zai bar ɗakin ba sai ya ji an amsa masa, ko da ruwa ya kai masa gwiwa. A gaishe shi tukuna, a tambayi ƙafarsa, kada a faɗa masa da gaggawa. Sannan a ce masa in ji Gwadabe: Baba, ba ka ƙarasa ba, amma na ji. Saƙo ya iso, mun fita da fartanyu. Saki abin maganar nan ka hau tudu.

Oba.